Ragon Suna da Motar Tahiru Mai Azumi

Shekara talatin ina sayar da esansi, wato fetur, a kwalba a bakin tashar Gure. Na ga mota mai tari, na ga mai zawo, na ga wadda ba ta tashi sai an tura ta ana zaginta. Mota mai azumi kuwa, sai a hannun Tahiru ɗan marigayi Hamidu na gan ta.

Tahiru ya yi shekara uku a arewa yana sayar wa masu haƙar zinari ruwa da shayi. Ya dawo da tumbi, da baƙin tabarau, da wata farar mota da aka kawo masa daga Lome. Ranar da ya shigo da ita tasha babu wanda ya ji zuwanta. Ba ƙara, ba hayaƙi. Sai da ta kusa taka faifan mai goro muka watse.

Ya sauke gilashi ya leƙo. "Baba Ibram, tattara kwalabenka. Sana'arka ta mutu, ta'aziyya na zo yi maka."

Na ce, "Sannu da zuwa."

Ya fito, ya buɗe wani ɗan murfi a gefen hagu. "Nan take cin wuta, kamar waya." Ya zaga dama ya buɗe wani. "Nan kuma esansi. Amma kurɓa kawai take yi, kamar saurayi a gidan surukai."

Direbobi suka kewaye shi. Ya zaro wata takarda mai sheƙi daga aljihu, ya ɗaga ta sama kamar mai shela.

"Waɗanda suka ƙera ta suka rubuta, hukumarsu ta buga hatimi. Kilomita ɗari, lita ɗaya da rabi. Da wuta kaɗai kuma, kilomita sittin. Ku haɗa! Ɗari da sittin ke nan da kwalba ɗaya da rabi!"

Wani direba ya ce, "Jakina ma ya fi haka shan ruwa."

"Jakinka yana da hatimi?"

Mushe Zubair yana wurin, mu nan Mushe muke ce wa malamin boko. Malamin lissafi ne a kolej, daga garin Tawa aka turo shi, yana haya a gidan Tahiru. Ya karɓi takardar, ya kai ta kusa da hanci.

"Mai gida, ba a haɗa su haka. Ga wata 'yar alama nan gefen lambar. A ƙasa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa..."

Tahiru ya fizge takardarsa. "Mushe, da abin yana da muhimmanci, da ba su rubuta shi ƙanana ba."

A makon nan ne ƙanwarsa Rahama ta haihu a Aisamiri, wani ƙauye a hanyar Bune, kilomita arba'in daga Gure. Ɗan fari, namiji. Mijinta yana can arewa bai samu dawowa ba, Tahiru ya aika cewa ragon suna a wuyansa yake. Ya shiga kasuwa ya zaɓi wanda ya fi kowane ƙaho, wani fari mai baƙin wuya da Husseini, mutumin Aisamiri ɗin, ya koro ya sayar.

Mutanen can ba su jira. Rana na ɗagowa ake taruwa, a raɗa suna, a yanka, kowa ya kama hanyar rijiya da dabbobinsa. In aka watse babu rago, da wannan za a riƙa kiran yaron har ya yi furfura, uwarsa kuma ba za ta sake ɗaga kai a bakin rijiya ba.

Gwaggonsu Hamsatu ta san haka. Ta zo har tasha ta same shi.

"Tahiru, ka sa ragon nan a motar kasuwa ran Laraba, ya kwana can. Alhamis ne suna."

"Gwaggo, ragona ya hau motar kasuwa tare da buhunan kanwa? A sanyi zai tafi, a kan kujera, kamar gwamna."

"Ni dai yarinyar nan nake ji."

"Aisamiri arba'in ce. Zuwa da dawowa sau biyu zan yi da kwalba ɗaya da rabi. Ku zama shaida!"

Nan take ya sa makaniki ya zuƙe tankin tas, ya juye mini a bido, wato jarka, ya ce sadaka ce ga mai sana'ar da ta mutu. Ya karɓi kwalba ɗaya da rabi ya ɗura da hannunsa, 'yan tasha suna tafi. Ya ce ni da Mushe za mu raka shi don mu ba da labari, ya kuma sa muka yi alkawari ba mai ɗaukar ko ɗigo a ɓoye.

Na ce, "To."

Saura wuta. Ran Laraba da hantsi ya ja igiyar motar ta taga ya jona a ɗakin matarsa Balkisu, inda firjinta na ƙanƙara yake. Kontar gidan, wato mitar wuta, ya yi ƙara ya yanke. Ya mayar, ya yanke. Ya mayar, ya yanke. Balkisu ta fito da muciya.

"Ko motar, ko ƙanƙarata!"

"Ki cire firjin na awa biyu kawai."

"Ka cire tumbinka na awa biyu in gani!"

Ana cikin haka aka ɗauke wutar gari gaba ɗaya. Ta raba gardama.

Ya lallaɓa da motar zuwa rumfar Abdullahi mai cajin waya, wanda ke da faifan hasken rana biyu a kan rufi. Waya talatin ce a jone. Tahiru ya ce a cire su duka, babbar yayarsu ta zo. Aka jona. Akwatin Abdullahi ya yi wani kuka kamar ɗan akuya, ya yi wari, ya yi shiru. Masu wayoyi suka taso. Wani mahauci ya ce tun safe yake jiran kiran dillalinsa, in saniyar ta wuce shi motar zai yanka. Tahiru ya bar wurin da sauri, ba ƙara, ba hayaƙi.

Bayan azahar sai ga shi a gabana, da wani abu ƙunshe cikin babbar riga. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya fito da bido.

"Baba Ibram, lita shida."

"Na ɗauka ta mutu."

"Wa?"

"Sana'ar."

"Ba motar za ta sha ba! Gurup na aro wurin mai walda, injin nan mai ba da wuta. Gurup ne zai sha, ya ba ta wuta."

Na ce, "Allah ya ƙara wa gurup lafiya." Na ɗura masa.

Gurup ya yi ta ruri a ƙofar gida har magariba, unguwa ta cika da hayaƙin motar da ba ta hayaƙi. Da ya shanye shidan ya mutu, bateri bai wuce rabi ba. Mushe ya leƙa ya ce, "Mai gida, sittin ɗin nan fa sai bateri ya cika. A ƙasan takardar..."

"Rabin wannan ya fi cikon wata motar. Je ka gyara takardun ɗalibanka 'yan lekol."

Alhamis muna sallame asuba aka fara lodi. Buhun shinkafa biyu. Tukunyar biki mai cin mudu ashirin. Jarkar man gyaɗa, damin itace, ƙullin kayan jariri, turmi. Gwaggo Hamsatu ta ce turmin Aisamiri ba ya daka yaji yadda take so. Ita kanta Gwaggo, Allah ya yi mata jiki, da ta zauna sai motar ta durƙusa ta gaishe ta. Aka tura rago baya, ya ɗora haɓa a kafaɗar Mushe. Ni ina gaba.

Ba mu bar gari ba rago ya yi fitsari. Tahiru ya rufe gilashi don ƙura, ya ƙure kilim, na'urar sanyi, don wari. Gwaggo ta ja mayafi ta ce an sa ta a firjin Balkisu.

Motar tana tafiya shiru kamar ɓarawo. Awaki na kwance a hanya ba su tashi, don ba su ji komai ba. Wani mai jaki muka bi a baya har tsawon zango, da ya waiwaya ya gan mu a gindinsa ya faɗo yana salati.

Tahiru ya buga sitiyari. "Kun gani? Ko ɗigo ba ta taɓa ba! Baba Ibram, ka fara koyon sayar da ƙosai."

Na ce, "To."

Muka bar ƙasa mai tauri muka shiga rairayi. Tudu, gangara, tudu, gangara. Akwai wata lamba a gaban Tahiru da ke nuna sauran tafiyar wuta. Da muka tashi talatin take. Tudu ɗaya ya ci biyar. Na biyu ya ci bakwai. Tahiru ya ɗora hularsa a kan lambar.

A kilomita goma sha takwas sai muka ji gurnani daga gaba.

Gwaggo ta ce, "Me ne ne wannan?"

"Gyaran murya take yi."

Mushe ya ce, "Inji ne ya tashi. Wuta ta ƙare, ta koma esansi."

"To sai me? Yanzu ne za ka ga ɗarin."

Wata fitila rawaya ta kama. Motar ta fara ƙiƙ-ƙiƙ, wata mata ta yi magana daga cikinta da yaren da ko Mushe bai sani ba.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Da mace a ciki? Tun Gure?"

"Gaisuwa take yi, Gwaggo."

"Gaisuwa da faɗa? Wannan muryar mai bin haƙƙinta ce."

Tahiru ya kashe kilim. Wari ya dawo da 'yan'uwansa. A tudu na gaba ya ce ni da Mushe mu sauka mu rage nauyi. Muka sauka, muka tura. A na gaba ya ce a sauke turmi.

Gwaggo ta ce, "A sauke ka."

Aka bar itace a nan. Aka bar buhu ɗaya a gindin wata aduwa, Tahiru ya ce zai ɗauka a zuwa na biyu. Mushe ya tsinci takardar a kan kujera, girgiza ta hana shi karantawa, sai yake fifita da ita, rago yana bin ta da ido.

A kilomita talatin da uku, a tsakiyar wani kwari, motar ta yi tari sau biyu irin na kowace mota, ta tsaya. Matar ciki ta faɗi kalma ɗaya ta yi shiru.

Rana ta fito ja a kan tudu.

Tahiru ya danna, ya sake dannawa. Ya fita ya buɗe gaba. Babu abin da ya gane, duk an rufe da baƙin roba. Ya rufe. Ya ce mu tura ta inda rana ke bugawa ta sha haske.

Mushe ya ce, "Ba ta da faifan rana."

"Ɗan akwatin cajin wayarka fa?"

"Mai gida, wannan ko wayata ba ya cikawa."

"Gwaggo, man gyaɗan nan..."

"Taɓa shi ka gani."

Ya ɗaga waya sama, ya hau tudu, ya sauko. Babu layi. Gwaggo ta dubi rana, ta daina wasa.

"Tahiru, yanzu mutane suna shimfiɗa tabarmi. Yarinyar nan tana ɗaki tana sauraron ƙarar mota. Motar ma da ba ta da ƙara."

Tahiru ya cire tabarau, karo na farko tun da ya dawo daga arewa. "Saura bakwai. Da ƙafa zan ja shi."

Ya buɗe baya. Rago ya riga ya cinye rabin takardar daga hannun Mushe, sauran rabin ya soke a ƙaho garin kokawa. Ya diro, ya tsaya, ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. Ya yi wani kuka mai tsawo. Kafin Tahiru ya kama igiya, rago ya zura da gudu.

"Ku tare! Ku tare!"

Wa zai tare? Ni gwiwa, Mushe takalmin boko, Gwaggo Gwaggo ce. Tahiru ya tattare babbar riga ya bi shi. Takalmi ɗaya ya tsaya a rairayi. Hula ta tafi. A kan tudu ya taka bakin rigarsa, ya gangaro kamar buhun da aka jefo daga mota, bai tsaya ko'ina ba sai cikin ƙarangiya. Da ya miƙe, daga wuya har idon sawu ya zama bushiya. Rago kuwa sai ƙurarsa.

Gwaggo ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Ba mota, ba rago. Wayyo Rahama."

Babu wanda ya yi dariya a lokacin. Ni na adana tawa.

Can sai ga mai amalanke da bijimai biyu, zai je ɗibar kanwa. Ya tsaya, ya dubi motar, ya dubi Tahiru yana cire ƙaya.

"Wushe, sannunku. Mai ya ƙare?"

"Bai ƙare ba. Lissafi ne bai cika ba."

"To bijimaina ba su san lissafi ba. A ɗaura?"

Aka ɗaura. Bijimai suka ja, suka tsaya, suka waiwayo suna duban mai su. Sai da aka samo wasu biyu a wata ruga. Haka muka tafi, bijimi huɗu a gaba, Gwaggo a ciki da turminta, Tahiru a sitiyari da takalmi ɗaya, ni da Mushe a baya muna taka sawu.

Rana ta kusa tsaka muka hango dabinon Aisamiri. Tahiru ya ce a tsaya a bayan gari, a kwance bijimai, mu tura ta da hannu, wai a ce shirunta ne. Mai amalanke ya ce bijimansa sun ji ƙanshin rijiya, ko uwarsu ba ta tsayar da su.

Sai muka ji guɗa. Sai ƙanshin nama.

Gwaggo ta leƙo. "Naman wa suke gasawa?"

Duk garin yana gindin bishiya. Babu wanda ya tafi rijiya, an ce ba mai motsawa sai ya ga abin da ya biyo bayan rago. Da suka hango mu, maza suka miƙe, mata suka fito ƙofar gida, guɗa ta koma shewa. Husseini ya taho yana riƙe ciki.

"Tahiru, sannu da ƙoƙari! Rana na ɗagowa na ji ana tunkuyin ƙofar garkena. Na duba, ragon da na sayar maka ne, da igiyarsa, da wasiƙa a ƙaho. Na ce jama'a, ragon Rahama ya iso, mai shi yana tafe. Muka jira, muka jira. Liman ya ce tunda dabba ta cika alkawari, kada a ɓata mata."

Liman ya gyaɗa kai. "An raɗa suna, an yanka. Yaro ya ci sunan kakansa, Hamidu."

Gwaggo ta fashe da kuka, ta fashe da dariya, ta shige gida tana kiran Rahama.

Tahiru ya gyara tsayuwa a kan takalminsa ɗaya. "Ai dama haka na tsara. Na ce ya yi gaba."

Liman ya miƙo guntun takardar. "Wasiƙar fa? Mun kasa karantawa, baƙaƙen ƙanana ne."

Rago ya cinye manyan lambobin duka. Ƙananan ya bari. Tahiru ya kai hannu, Mushe ya riga shi.

"Kwana uku ina neman karanta wannan." Ya gyara murya. "An ce a cikin ɗaki aka gwada motar, a kan wasu ƙarafa masu juya taya. Ba rairayi, ba tudu, ba zafi, kilim a kashe, ba kaya."

Husseini ya ce, "A ɗaki? Ina ta je?"

"Ba ta je ko'ina ba."

"To ni ma a ɗaki ina zuwa Makka da ludayin fura ɗaya!"

Mushe ya jira dariya ta lafa. "Sittin ɗin, sai bateri ya cika fal. Lita ɗaya da rabin kuma, sun ɗauka mai motar kullum yana cika bateri, yawancin tafiyarsa da wuta yake yi, ɗan saura da esansi. Suka gauraya, suka raba. Wato wutar tana cikin ɗarin tun farko, ba a sake haɗa ta. In bateri ya ƙare kuwa, ga shi nan sun rubuta, lita bakwai take sha. A kan kwalta ke nan. Ga nauyin baterin tana ɗauke da shi a banza."

Wani tsohon makiyayi ya ce, "Na gane. Kamar mai cewa raƙuminsa ya yi kwana goma bai sha ruwa ba, bai faɗi rijiyar da ya ƙafar kafin su tashi ba."

Na ce, "Lita shida. Gurup."

Ban so faɗa ba. Fita ta yi. Sai da Mushe ya ba da labarin gurup daga farko, liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa.

Tahiru ya ce, "To ai takardar ba ta yi ƙarya ba!"

Mushe ya ce, "Ba ta yi ba, mai gida. Sama ka karanta."

Rahama ta aiko a shigo da yayanta ya ga ɗa. Ya shiga, mata suna cire masa ƙarangiya suna waƙa. Kafin ya fito sun gama shawara. Sunan yaro Hamidu, amma sunan suruki ne, babu mai kama shi a gidan. Lita-da-rabi suke kiransa. Yanzu har ya fara tafiya, yana amsawa.

Bayan la'asar, an ci an sha, Tahiru ya zo ya tsuguna kusa da ni a inuwar motar. Ya duba gabas, ya duba yamma.

"Baba Ibram, akwai mai babur da zai shiga Gure. Sadakar nan da na ba ka ran Talata, tana nan?"

"Tana nan."

"A aiko da ita. Lita nawa kake gani za ta kai mu gida?"

"Tambayi takarda."

"Rago ya cinye."

Na ciro tsinken da nake sakace da shi. Na ce, "To, mai ilimin an yanka shi."